Tarkon faɗa-wuta a tsakar gida: tambayoyin da aka fi yi mini a Kasala

Tun da na fara rataya farin zane da fitila a tsakar gidanmu a Garbal Gash, unguwa a birnin Kasala na gabashin Sudan, mako ba ya wucewa ba a tare ni da tambaya ba. Maƙwabta su yi, almajiran bayan gida su yi, 'yan'uwa na Gadarif da Mai Wurno da na can Kano su turo tasu ta WhatsApp idan sun ga hotuna. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, bakina kuma ya gaji da maimaici, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni ba malamin jami'a ba ne. Mai ɗan lambu ne a cikin gida, da fitila, da littafin rubutu.

Wai mene ne faɗa-wuta, me kuma ya raba shi da malam-buɗe-littafi?

Dangi ɗaya ne. Dukansu daga ƙwai suke fitowa a matsayin tsutsa, su ci ganye su ƙoshi, su shiga kwanso su kwanta, sannan su fito da fukafukai masu gari. Wannan garin ne ya sa Larabawan nan suke ce musu abu dagig, ba su damu da raba na dare da na rana ba. Mu Hausa ta raba mana: mai yawo da rana yana buɗe fukafukai yana rufewa shi ne malam-buɗe-littafi, mai zuwa ya kewaye fitila da dare shi ne faɗa-wuta.

Idan kana son alamar da ba ta cika yaudara ba, dubi ƙahonnin nan biyu sirara na kansa. Na malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙulli a ƙarshe kamar kan ashana. Na faɗa-wuta kuwa ko dai kamar zare suke, ko kamar gashin tsuntsu. Kada ka dogara da launi, don akwai na dare da suka fi na rana ado nesa ba kusa ba. Kuma na dare su ne masu rinjaye: an ba wajen iri 160,000 suna a duniya, alhali na rana ba su wuce wajen 20,000 ba. Wato abin da muke gani da rana ɗan tsakure ne.

Me ya sa suke zuwa wurin haske?

Mutane sun daɗe da lura da wannan. Suratul Ƙari'a ta kwatanta mutane ranar tashin ƙiyama da su, hadisi kuma ya kawo misalin mutumin da ya hura wuta suna afkawa yana kore su. Dalilin ne aka daɗe ana gardama a kai. Da can an fi cewa sun ɗauka wata ne. A farkon 2024 wasu masu bincike da suka ɗauki tashin ƙwari da kyamara mai saurin gaske, a Landan da dajin Kosta Rika, suka nuna wani abu daban: ƙwaro mai tashi yana juya bayansa ne zuwa inda ya fi haske, don ta haka yake sanin ina ne sama. Kafin mutum ya ƙirƙiro fitila, samaniya ce ta fi ko'ina haske ko da dare. Da ya zo kusa da fitila sai ya riƙa ba ta baya, shi ke nan sai kewaye, wani ma ya kife ya faɗo. Ba son wutar yake yi ba, rikicewa ce. Tun da na san haka na daina barin fitilar tana ci a banza.

Wane kaya zan tanada?

Daren farko ba ka bukatar tarko. Farin zanen gado, igiyar shanya, fitila, da kujera. Ka rataya zanen, ka bar gefensa na ƙasa ya kwanta a ƙasa kamar kamu biyu, don wasu ba sa sauka a tsaye, ƙasa suke faɗowa. Ka sa fitilar a gabansa, ka zauna. Da wannan kaɗai na yi damina guda.

Tarko yana shigowa ne idan barci ya fara cin ƙarfinka. Nemi bokitin fenti mai lita 20 da murfinsa. Huda murfin ka zura babban mazurari, ka yanke bakinsa na ƙasa ya kai faɗin santimita 3, in ba haka ba manyan ba za su wuce ba. A saman mazurarin ka tsayar da fallen roba mai gani-har-hanji guda biyu ko uku a gicciye, fitilar a tsakiyarsu. Ƙwaro na kewaye sai ya bugi robar ya gangara ciki. A cikin bokitin ka jera kwalayen ƙwai a karkace. Wannan kada ka yi wasa da shi. Kwalin ne yake ba su lungun ɓuya su natsu. Idan babu shi sai su kwana suna dukan juna, da safe ka tarar da su fukafukai duk sun goge, ba mai iya gane kowa. Sai ƙananan huji a gindin bokitin, a liƙe da guntun gidan sauro, saboda ruwan sama ya tsiyaye, da faifai ko tsohon faranti a can sama ya kare fitilar.

Turawan Ingila suna da nasu na sayarwa, irin su tarkon Robinson da aka ƙera a shekarun 1950, da na Skinner da na Heath. Dabarar duk ɗaya ce da ta bokitin fenti: haske, mazurari, kwalin ƙwai.

Wace fitila ce ta fi, ga shi wutar ma ba ta tsayawa?

Idon faɗa-wuta ya fi ganin haske mai shuɗi da kuma wanda namu idon ba ya gani, wato UV, irin na 'yar fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita. Shi ya sa ƙwan da ke ba da haske ja-ja ko ruwan ɗorawa ba ya tara su sosai, farin ƙwai mai sanyin haske ya ɗan fi, mai UV kuma ya fi duka. Masu abin a Turai sun daɗe suna amfani da ƙwan makuri mai wat 125. Yana tara ƙwari ƙwarai, amma yana zafi, yana iya fashewa idan ruwa ya taɓa shi, yana shan wuta, yana kuma haska unguwa guda. Ba namu ba ne.

Namu shi ne zirin LED mai UV da ake jonawa da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, ko da batirin sola mai bolt 12. Ka haɗa shi da ƙaramin farin ƙwai ɗaya. Idan babu ko ɗaya, fitilar caji ta gida ma ta yi. Da babu gara ba daɗi. Abu ɗaya zan roƙe ka: duk wadda ka zaɓa ka tsaya a kanta, ka kuma rubuta ta a littafi. Idan bana ka yi da ƙaramar fitila baɗi ka yi da babba, ba za ka san ƙwarin ne suka ƙaru ko fitilar ce ta ƙaru ba.

Kada ka sayi fitilar UV ta kashe ƙwayoyin cuta, irin ta asibiti da ta tace ruwa. Waccan tana ƙona ido da fata. Ta tarkon ma ba a ƙura mata ido.

Wane dare ne ya fi kyau?

A nan kalandar Hijira ta fi ta bature amfani. Daga 25 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa, lokacin duhun wata, shi ne kasuwa ke ci. Dararen farin wata, 13 da 14 da 15, fitilarka ba ta da wani kwarjini. Bayan wata sai yanayi: dare mai ɗumi, mai laima, da hadari ya rufe sama, iska kuma ta kwanta. Ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso ka naɗe zanenka kawai.

A shekara kuwa, damina ce, daga Yuli lokacin da kogin Gash ya kawo ruwa daga tsaunukan Iritiriya, har zuwa kaka a Oktoba. Sai dai ka yi shirin daren da ya biyo ruwan farko mai ƙarfi: shinge, wato gara mai fukafukai, zai cika maka tarko har ya danne komai. A irin wannan daren zane ya fi bokiti. Masu gidaje kusa da sawagi, wato lambunan da ake ban ruwa shekara duka, suna samun baƙi har da hunturu. Mutanen bakin Nilu kuma nasu ciwon kan nimitti ne, ƙananan ƙwarin nan da suke taruwa a fitila kamar hayaƙi.

Akwai wani mako na faɗa-wuta da aka fara a Amurka a 2012, ana yin sa a ƙarshen Yuli, mutane a ƙasashe da yawa suna kunna fitila suna tura hotuna. Ya faɗo daidai da farkon daminarmu.

A ina zan kafa shi a cikin gida?

Kusa da shuke-shuke, nesa da wata fitila, nesa kuma da angarib, wato gadon masu kwana a waje. Bayan rakuba, wato rumfa, ko gindin katanga, inda hasken ba zai tsallaka gidan wani ba.

Ka kuma sanar da maƙwabta tun kafin ka fara. Ni ban yi ba. Dare na biyu sai ga sallama, dattijon da muke katanga ɗaya ya leƙo yana cewa, "Malam, lafiya kuwa? Na hango farin yadi da fitila, na ce ko rasuwa aka yi ba a faɗa mana ba." Na ce, "Lafiya lau, Baba, ƙwari nake kallo." Ya daɗe yana dubana kafin ya ce Allah ya kyauta. Yanzu shi ke aiko jikokinsa da abin da suka tsinta a bangonsu. Ban da wannan, a halin yaƙin da ƙasa take ciki tun Afrilun 2023, baƙon haske mai launi a saman rufi da tsakar dare ba abin wasa ba ne. Ka ajiye shi ƙasa, a cikin katanga, idan kuma an ce a kashe fitilu a unguwa, ka kashe.

Kashe su kake yi? Babu alhaki?

Ba na kashewa, sai dai alhakin yana nan kusa idan aka yi sakaci. Na taɓa makara na bar bokiti har hantsi. Rana ta buge shi, kiyashi kuma suka samu hanya ta hujin ƙasa. Abin da na tarar bai yi mini daɗi ba, har yau ina tunawa. Tun daga ranar, daga masallacin asuba tarko nake nufa. In kashe fitila, in toshe mazurari da tsumma, in ɗauke bokitin zuwa inuwa kusa da randa, inda ƙasa take da sanyi. Bokitin kansa a kan bulo yake kwana, bulon kuma a cikin faranti mai ruwa, saboda kiyashi da cinnaka.

Idan na gama dubawa ba na zazzage su a fili. Kaji suna jira, tsuntsaye ma suna koyon lokaci da wuri fiye da yadda kake zato. Ina rufe su a inuwa har magariba, sannan in girgiza kwalayen a cikin ganye mai duhu, yau nan gobe can. Kuma ba na kafawa dare biyu a jere. Rayuwar da yawansu bayan fitowa daga kwanso 'yan kwanaki ce zuwa mako biyu, a ciki za su nemi abinci su yi barbara su yi ƙwai. Wanda ka tsare dare uku ka ci masa babban rabo. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

To me zan rubuta, kuma wa zai amfana da shi?

Wannan ce tambayar da na fi so, don a ganina kamun ba shi ne aikin ba, rubutun ne. Hoto mai kyau wanda ba kwanan wata ba wuri, ado ne kawai. Layi ɗaya a littafi mai cewa ga abin da ya zo, ga inda ya zo, ga daren da ya zo, shi ne shaida.

Kowane dare shafinsa. A sama kwanan wata na bature da na Hijira, kuma kwanan daren da aka kunna fitila ake rubutawa, ba na safiyar da aka buɗe ba. Ka tsayar da wannan tun farko, in ba haka ba lissafi zai rikice maka. Sai unguwa, irin fitila, ƙarfe nawa aka kunna ƙarfe nawa aka kashe, da yanayi a taƙaice: an yi ruwa jiya, iska daga kudu, hadari, zafi. Idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu da tsakar dare, rubuta. Sannan jerin abin da ya zo, kowane iri da adadinsa. Idan ƙanana sun yi yawa har ba su ƙirguwa, ka kimanta ka rubuta cewa kimantawa ce. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni ina ƙara layi ɗaya a ƙasa na abin da ke faruwa a lambu: kuɓewa ta fara fure, an yanke alayyafo, maƙwabci ya yi feshi.

Abu biyu ne sababbi suke tsallakewa, su ne kuma suka fi daraja. Na farko daren da ba a samu komai ba. Ka kunna, ka kashe, bokiti wayam: rubuta sifiri. Wanda zai karanta littafinka nan gaba yana bukatar ya bambance daren da babu ƙwari da daren da babu kai. Na biyu su ne gama-gari, 'yan toka-tokan nan da suke zuwa kullum har ka gaji da su. Kowa yana ɗokin baƙo mai ado, amma canjin da ke faruwa a ƙasa a jikin gama-gari ake ganinsa. A Birtaniya cibiyar binciken noma ta Rothamsted ta baza tarkuna iri ɗaya a faɗin ƙasar tun shekarun 1960, ana ƙirgawa dare bayan dare, akasari 'yan sa kai ne. Daga wannan lissafin ne aka gano cewa yawan manyan faɗa-wutansu ya ragu da kashi ɗaya cikin uku tsakanin 1968 da 2017. Ba wanda zai iya ganin haka da ido a shekara guda.

Mu a nan, ƙwarin da aka fi bibiya su ne masu ɓarnar auduga da dawa, saboda aikin noman Jazira da Hukumar Binciken Noma da ke Madani. Sauran, waɗanda ba su taɓa aljihun kowa ba, ba su samu wannan gatan ba. Ka buɗe taswirar iNaturalist, manhajar da mutane ke ɗora hotunan halittun da suka gani, ka dubi Ingila, ɗigo a kan ɗigo. Ka gangaro gabashin Sudan ka ga fili. Ba ƙwari ne babu ba, masu rubutawa ne babu. Saboda haka littafin mutum ɗaya a Kasala, in dai ya ɗore, ba ƙaramin abu ba ne.

Littafin takarda shi ne uwa. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sayar da ita ranar da aka matsu. Duk ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafukan ka tura wa wani ɗan'uwa a wani gari.

Ta yaya zan san sunayensu?

A hankali. Fara da naka sunan: mai ɗigon ja, mai wutsiyar buroshi, toka mai farin layi. Ba kowane lamba, ka ɗauki hotonsa daga sama da kuma daga gefe, da rula ko ashana a kusa don a ga girma. Hasken safiya a inuwa ya fi filashi. Idan ya ƙi zama, sa shi a kwalba ka ajiye a firji kamar awa guda, ba wajen ƙanƙara ba. Idan babu wuta, gindin randa.

Sai ka ɗora a iNaturalist. Manhajar za ta ba da shawarar suna, amma kada ka karɓa ido rufe, don ta fi ƙwarewa a ƙwarin Turai da Amurka, takan laƙaba wa namu sunan ɗan'uwansa na can. Jira mutane su duba, ka kuma gwada da hotunan shafin AfroMoths, wanda aka keɓe wa na Afirka. Akwai wurin ɓoye ainihin inda gidanka yake, ka yi amfani da shi. Wasu ire-iren ba a raba su da hoto sam, sai an duba cikin jikinsu da madubin likita. A irin wannan ka tsaya a sunan dangi. Sunan ƙarya a littafi ya fi gurbi ɓarna.

Waɗanne zan fara gani?

Abin da ka shuka shi zai gaya maka. Mai alayyafo zai ga wani ƙarami ruwan ƙasa mai fararen layuka, Spoladea recurvalis, wanda ko da rana ka taɓa ganyen sai ya tashi. Mai wake zai ga Maruca vitrata, uwar tsutsar nan da ke huda fure da kwanso. Mai kankana ko kabewa zai ga Diaphania indica, fukafukai farare kamar gilashi da baki ruwan ƙasa, da tuntu a wutsiya yana karkaɗa shi. Mai zogale da ganyensa ke komawa kamar raga, Noorda blitealis ce. Mutanen Gadarif, ƙasar riɗi, ba sa rasa Antigastra catalaunalis mai naɗe kan riɗi. Kuɓewa da tumatir da auduga kuma suna kawo Helicoverpa armigera da ɗan koren nan Earias insulana.

Akwai baƙi biyu da ya kamata kowa ya gane. Tuta absoluta ɗan mitsitsi ne, bai wuce milimita 7 ba, asalinsa Kudancin Amurka. Ya shiga Sifen a 2006, ya iso Sudan a 2010, a 2016 kuma ya cinye tumatirin Kano da Kaduna, inda manoma suke ce masa sharon. Ɗayan shi ne Spodoptera frugiperda mai cin zuciyar masara da dawa, wanda aka fara gani a Afirka ta Yamma a farkon 2016, ya iso nan a 2017. Tsutsarsa ta fi shi saukin ganewa: alama kamar harafin Y a kife a goshi, da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya.

Sai manyan, masu sa yara ihu. Jikinsu kamar jirgin yaƙi, suna tsayawa cak a iska gaban fure suna zura dogon baki. Daphnis nerii kore ne mai zane kamar kakin soja, tsutsarsa a kan difla da winka take girma, furannin da ke kusan kowane gida a nan. Agrius convolvuli toka ne mai ratsin ja a ciki, bakinsa ya fi jikinsa tsawo, tsutsarsa ganyen dankali take ci. Babbansu Acherontia atropos, mai zanen ƙoƙon kan mutum a gadon baya, faɗinsa yakan kai santimita 12. Idan ka taɓa shi ƙara yake yi kamar ɓera, yana kuma shiga amya ya sha zuma. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, uwargida cewa ta yi a fitar mata da shi, ba ta yarda ƙwaro ne kawai ba. Bai da dafi, ba ya cizo.

Tarkon zai rage mini tsutsa a lambu?

A'a, kada in yaudare ka. Abin da bokiti ɗaya ke kamawa bai taka kara ya karya ba, da yawa cikin matan ma sun riga sun zuba ƙwai kafin su shigo. Amfaninsa labari ne. Idan littafinka ya nuna wani iri ya tashi daga biyu-uku zuwa cikin kwali a mako guda, to ƙwai suna kan ganye, tsutsa na tafe nan da 'yan kwanaki. Ka fita ka duba bayan ganye, ka tsince da hannu tun suna ƙanana. A lambun gida wannan yakan isa, ba sai an kai ga feshi ba. Mai gona babba da ke bin iri ɗaya, kamar sharon, tarkon ƙamshin mace ya fi masa, wanda ke jawo mazan irin kaɗai.

Kuma yawancin abin da zai shigo bokitinka ba ruwansu da amfanin gonarka. Wasu ciyawa suke ci, wasu ganyen bagaruwa da magarya da aduwa. Manyan nan masu dogon baki suna cikin masu yi wa gwanda barbara. Jemage da tsaka da 'yan tsuntsaye kuma da su suke rayuwa. Shi ya sa ba na son fitilar nan mai tartsatsi da ake ratayawa a shaguna, ba ta tambayar kowa sunansa.

Kunama fa, da sauro?

Inda ƙwari suka taru, masu cin su ma za su zo. Kada ka je wurin tarko ba takalmi, kada kuma ka zura hannu ƙarƙashin bokiti ko zane ba ka haska ba. Abin daɗin shi ne kunama tana ƙyalli kore-kore a hasken UV, don haka fitilar da ta tara mata abinci ita ke tona mata asiri. Hangara ma tana zuwa haske. Idan ta sauka a jikinka hure ta, kada ka murje, ruwanta ne ke sa fata ta yi bororo.

Sauro kuwa ba fitilar ce ta fi jawo shi ba, numfashinka ne da warin jikinka. Kai da ka zauna a waje ne abincin. Doguwar riga, safa, da maganin shafawa. Wanda ya ga kankasha, wato annobar zazzaɓin chikungunya ta 2018, a garin nan ba sai an yi masa wa'azin sauro ba. 'Yan'uwa na ƙauyukan Gadarif su ƙara kula, saboda ɗan ƙaramin ƙudan nan mai kawo kala'azar da dare yake cizo. A can gara a kafa bokiti a shiga gidan sauro, a bar zaman gaban zane.

Gaskiya ne garin fukafukansu yana makantar da ido?

Ba ya makantarwa. Ƙananan ɓawo ne jere kamar rufin kwano, su ne launin. Idan ya shiga ido zai yi ƙaiƙayi kamar kowace ƙura, a wanke da ruwa. Wadda ake gudu ita ce gizaka, tsutsa mai gashi. Ita kam kada yaro ya ɗauka da hannu.

Akwai waɗanda ba sa zuwa fitila?

Akwai, su kuma da zaƙi ake kiran su. Ayaba ko mangwaro ko gwaiba da ta nuna ta wuce misali, a dame da sukari ko dabino da ɗan ruwa, a bari ta kwana ta yi tsami. Da magariba a shafa a jikin itace daidai ƙirji, bayan isha a zo da tocila a hankali, a haska daga gefe. Idanunsu za ka fara gani suna ƙyalli kamar garwashi. A nan ne ake haɗuwa da dangin Eudocima, masu fukafukan baya ruwan lemo, waɗanda bakinsu ke iya huda ɓawon lemo da mangwaro su sha ruwan. Masu sawagi sun san ɓarnar, 'ya'yan itace su ruɓe su zubo da ɗan huji, amma kaɗan ne suka taɓa ganin mai yin ta. Ka shafa nesa da ɗaki, don tururuwa ma an gayyace ta.

Ba su ne ke cin tufafi a akwati ba?

Wannan asu ne, ɗan ƙaramin dangi guda a cikin dubbai, kuma tsutsarsa ce ke cin ulu da gashi. Shi gudun haske ma yake yi, tarkonka ba zai kawo shi ɗaki ba. Idan za a yi maganar tufafi, a tuna cewa dangin nan sun ba mu fiye da abin da suka ci. Alharini daga kwanson tsutsar faɗa-wuta ake samun sa. Rigar tsamiya da kakanninmu suke ji da ita a ƙasar Hausa, zarenta daga gidan wasu tsutsotsi ne na dangin Anaphe, masu taruwa su saƙa gida ɗaya a bishiya. A dafa shi da toka, a kaɗa, a saƙa, ko a yi aikin wuyan riga da shi. Tsoffin da suka zo ƙasar nan a ƙasa, a kan hanyar Makka, sun san wannan sarai. Na nuna wa wata gwaggona hoton irin gidan a waya, ta gane shi nan take, ta ce, "Ai wannan kakarmu tana kaɗa shi."

Na yi tafiya na tsallake wata biyu, littafin ya lalace ke nan?

Bai lalace ba. Ja layi, rubuta cewa daga ranar kaza zuwa ranar kaza ba a kafa tarko ba, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kada dai ka cike gurbin da abin da kake tsammani. Idan akwai yaro mai hankali a gida, koya masa toshe mazurari da ɗaukar hoton kowane kwali gaba da baya kafin ya sake su. Ƙirgar sai ka yi daga hotunan idan ka dawo, ka rubuta a gefe cewa shi ne ya buɗe.